Sallah Goma, Kaka Tara

Akwai laifin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na mai ɓarna, shi ne laifin gidan da ke ce wa wanda aka zalunta "yi haƙuri," alhali a ɓoye ana ƙidayar kwanaki don hakkinsa ya ruɓe. Wannan ba haƙuri ba ne, igiya ce. Waɗanda suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa sun san abin da suke faɗi. Ga abin da gidan marigayi Ashiru, a wata tunga ta ƙasar Tibiri, ya yi wa Mardiyya.

Kashegarin Sallar layya ne, ranar rabon nama. A shekarar Sallah ta faɗo tsakiyar kaka, gero ya nuna har tsuntsu na ɓarna. Mijin Mardiyya, Idris, yana Libiya wurin nema. Da rana tsaka uwar mijinta, Goggo Baturiya, wadda kuma yayar ubanta ce, ta ɗora mata ƙwaryar fura ta kai wa masu yankan gero a gonar gandu. Ta tarar ba kowa sai Mu'awiya, yayan mijinta, ya sallami 'yan aiki su je cin nama. Abin da ya yi mata a bayan dammunan gero, baki ba ya son maimaita shi. Fyaɗe ne sunansa, kuma babu wani suna da za a sa masa ya yi sauƙi.

Ba ta koma gida ba. Da yagaggen zane da targaɗe a wuyan hannu ta taka har asibitin Tibiri. Ungozomar asibiti ta duba ta, ta rubuta takarda, ta buga hatimi, ta ce mata, "Daga nan kada ki tsaya ko'ina sai wurin jandarma."

Amma an rene ta a kan cewa mace ba ta tsayawa gaban hukuma ba da sanin manya ba. Sai ta zo ta durƙusa gaban Goggo, ta faɗi komai.

Tsohuwar ta leƙa waje, ta saki asabari, sannan ta ce, "Wa kinka hwaɗa ma?"

"Ba kowa, Goggo, sai ta asibiti."

"Kawo takardar in aje miki, kada gara ta ci. Ki yi kurum har mijinki shi zo. Shari'a ba ta tsufa, ɗiyata. Ko yaushe munka tashi, tana nan."

Ta karɓa ta jefa cikin adaka ta kulle, ta mai da ɗan makulli ƙugunta.

Shi kuwa Mu'awiya, ɗan kasuwar wake ne, Dogon Dutsi kamar bayan ɗakinsa take. A makon nan ya je ya tsuguna wurin wani mai rubuta wa mutane takardu kusa da gidan shari'a, ya ce wai wani abokinsa ne ya faɗa cikin matsala irin kaza. Mutumin ya ce masa babban laifi irin wannan, in ya shekara goma hukuma ba ta taɓa maganar ba, to ta mutu, ba a sake tayar da ita. Mu'awiya ya dawo ya raɗa wa uwarsa. Tun daga nan, duk Sallar da ya yanka rago, Goggo Baturiya za ta ɗauki ƙaho ɗaya ta soke a rufin ɗakinta. Ita ba ta san boko ba, amma ta san goma.

Mardiyya ba ta san da wannan wa'adi ba. Wa zai gaya mata? Doka tana cikin littafi a Dutsi, ita tana bakin turmi.

Ƙaho ɗaya ya hau rufi kafin Idris ya dawo. Da ta gaya masa, sai ya zauna bakin gado ya dafe kai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Yayana ne," ya ce. "Nono guda munka sha. In kai shi kaso, in dubi Inna da wane ido?"

"Ni hwa, da wane ido kaka dibina?"

Wata biyu ya yi a gida, bai ko taɓa tabarmarta ba, ya tattara jakarsa ya koma inda ya fito. Kafin ya tafi, ta ce ya sawwaƙe mata ta tafi gidansu. Goggo ta ce ba a taɓa yanke igiyar zumunci a gidan nan ba, ba kuma za a fara a kanta ba. Gaskiyar kuwa ita ce, tsohuwa ta san bazawara ƙafarta tata ce, tana iya zuwa inda ta ga dama. Matar aure kuwa sai an ba ta izini.

Ubanta ya zo gaisuwa, ta tare shi a zaure ta kama ƙafarsa tana kuka. Ya janye ƙafar.

"Yaya Baturiya ta hwaɗa mini," ya ce. "Hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yas. Ki bari a ɗauke amfanin gona, za mu zamna."

Aka ɗauke amfanin gona. Sai aka ce a bari bikin Ummu, autar gidan, ya wuce, don kada surukai su ji su fasa. Biki ya wuce. Sai aka ce ana yunwa, wa ke shari'a da wofin ciki? Da aka samu damina mai kyau, aka ce Goggo ba ta da lafiya, so take ta kashe ta? Kowace shekara da rigar da ake sa wa ƙarya, kuma kowace riga daidai wuyanta.

A duk wannan lokaci tukunya ɗaya ake ci. Ranar girkinta, ita ke kwasa wa Mu'awiya tuwo, ita ke kai masa ruwan wanke hannu. Yakan ɗaga murfin kwano ya ce, "Matar ƙanena, miyag ga ba ta ji gishiri ba," yana murmushi. In ta ƙi kaiwa, Goggo ta tashi a kanta.

"Ke ɗaya ce mace a gidan ga? Don mi bai taɓa kowa ba sai ke? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

A shekara ta huɗu jikinta ya fara amsawa. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai taɓarya ta kuɓuce mata. Warin fura ya zama mata abin amai. Wata rana ta faɗi a bakin rijiya, mata suka kwaso ta. Goggo Baturiya ta ga ƙofa ta buɗe mata, ta bi gida gida tana cewa doguwa ce ta shafi yarinya a gona, shi ya sa take sambatu tana ambaton sunayen mutane. Don a tabbatar wa gari, aka ɗora ta a amalanke aka kai ta wurin wata tsohuwar 'yar bori a wajen Lugu.

Matar ta yi turare, ta riƙe hannun Mardiyya, ta dube ta har cikin ido. Sannan ta juya wurin Goggo.

"Shekara arba'in ina aiki da iskoki," ta ce. "Iskar ɗiyag ga ƙahwa biyu gare ta, kuma tuwo taka ci. Ku ɗauki kazarku ku tahi."

Goggo ta dawo ta shaida wa mutane cewa an ce doguwar babba ce, ta fi ƙarfin magani.

A shekara ta shida Mardiyya ta gwada da kanta. Ta fita kamar za ta itace, ta miƙe hanyar kwalta. Kafin ta samu mota, samari biyu sun cim mata a kan babur suna kira, "Ku tare ta, marar lafiyarmu ce ta ɓace!" Mutanen da ke bakin hanya suka taya su kama ta, suna cewa Allah sarki. Tana ihu tana faɗin abin da aka yi mata, ana girgiza kai ana cewa iska ba ta da kunya. Kwana ashirin ta yi da mari a ƙafa, a ɗakin da ake ajiye harawa.

Bayan wannan ta yi shiru. Sa'o'inta da aka yi musu aure tare suna da 'ya'ya huɗu, biyar. Ita ba miji, ba ɗa, ba saki. Furfura ta fito mata a goshi tana 'yar shekara talatin. Yara suna ganinta su watse. Abu ɗaya ya rage mata: takardar nan da ke cikin adaka, da maganar da aka gaya mata cewa shari'a ba ta tsufa. A kan wannan ƙarya take tashi kowace safiya.

Sallah ta goma ta zo da farkon damina. An yi ruwan shuka bai fi kwana goma sha biyu ba. A wannan shekara Mu'awiya raguna biyu ya yanka, aka tsire su a jikin itace aka kewaye da wuta, suka wuni suna gasuwa. Kashegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida don rabo. Auwal mahauci yana sara, matan maƙwabta sun kai goma suna jiran kasonsu, har da ladanin masallaci da ya shigo yi wa Goggo barka da Sallah.

Mardiyya ta kawo tasa ta ajiye za ta juya, Mu'awiya ya ce, "Tsaya, matar ƙanena. Auwal, yanko mata cinya guda. Yau ranarta ce."

Ta ce, "Ba ni so."

"Ba ki so? Ran nan ma haka kinka ce."

Wuƙar Auwal ta tsaya. Mardiyya ta juyo, karo na farko cikin shekaru ta dube shi ido da ido.

"Yaya, maimaita gaban mutane."

"In maimaita mana! Gonar gandu, bayan dammuna, ni ne. Na yi. Ba doguwa ba ce, ga doguwar zamne tana cin nama. Sai mi? Tahi Dutsi, tahi Doso, tahi Yamai in kina da kuɗin mota. Shekara goma ta cika yau, magana ta mutu. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Ladan ya ce, "Subhanallahi! Mu'awiya, kana jin abin da bakinka ke hwaɗi?"

"Malam, ci namanka."

Goggo Baturiya, maimakon kunya ta kama ta, sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙahoni a cikin faifai, ta zube su gaban Mardiyya. Ta ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarta, har goma. Ta kwance ɗan makulli, ta buɗe adaka, ta ciro takardu biyu ta wurga mata.

"Ga takardarki ta asibiti, ki hura wuta da ita. Wagga kuwa sakinki ne. Idris ya rubuta shi tun ranar da za shi koma, ni na riƙe. Shekara goma ina ciyar da ke kamar akuyar kiwo, na gaji. Ƙofa a buɗe take."

Wato shekara takwas da ɗoriya tana daka, tana ɗiban ruwa, tana ɗaure da mari a gidan da ba ta da aure a cikinsa. Wata daga cikin matan ta ajiye kasonta na nama a ƙasa ta fita ba sallama. Wata ta bi ta.

Mardiyya ta tsince takardun ta cusa a lalitarta. Ba ta ɗauki ko tsinke ba. Ta fita ta bi hanyar gona, ba don ta san inda za ta ba. Ƙafarta ce ta kai ta gonar gandu. Ta zauna a gindin gawo, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka sa mata mari. Ashe har zalunci wa'adi gare shi? Ashe ana iya zama a kan mutum kamar kaza a kan ƙwai, har hakkinsa ya dame? To ciwon da ke cikinta, wa ya sa masa wa'adi?

Da hawaye suka ƙare, ta zauna tana kallon gona. Gero ya tsiro bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ganye bibbiyu, iska na kaɗa shi. Ta daɗe tana kallonsa kafin abin ya faɗo mata. A nan wurin, a ranar, gero ya fi ta tsawo. Zangarniya ce ta rufe ta daga idon masu wucewa. Dammuna aka jera. Yau kuwa ko noman fari ba a yi ba.

Ta ƙidaya da yatsu. Kakar fari. Kakar da tsutsa ta ci wake. Kakar bikin Ummu. Ta bi su duka, ta sake bi. Tun daga waccan kaka, sau tara aka cika rumbu. Ta goma tana nan a ƙasa, ganye bibbiyu.

Sallah tana tafiya, kowa ya san wannan. Tana yarinya an yi ta cikin sanyi, an yi ta cikin zafi. Kaka kuwa ba ta matsawa. To da wanne gwamnati ke ƙidaya? Ba ta sani ba. Amma ta tuna kuɗin haraji da buɗe makarantar boko ba su taɓa bin Sallah ba, kullum lokacinsu ɗaya. Ta tashi ta karkaɗe zanenta.

Wannan karon ba wanda ya biyo ta, don a ganinsu ba sauran abin tsoro. Wani mai motar itace ya rage mata hanya. Kafin la'asar tana Dogon Dutsi, gaban teburin wani jandarma mai suna Abdussalamu. Ta ajiye takardar asibiti, ta faɗi magana tun daga ƙwaryar fura har ƙahoni.

Ya buɗe takardar a hankali don ta fara cinyewa a lanƙwasa. Ya karanta kwanan watan da ungozoma ta rubuta. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke bango, ya sake duban takarda.

"Madam, wa ya ce miki shekara goma ta cika?"

"Sun ƙidaya Sallah goma, ranka shi daɗe."

"Sallah?" Ya ajiye alƙalami. "Wannan takarda watan Oktoba aka rubuta ta. Yau muna Yuni. Shekarar Sallah tana gaza ta gwamnati da kwana goma sha ɗaya, kowace shekara. Tara su sau goma. Saura wata uku da rabi. Kuma daga lokacin da muka buɗe bincike, ƙidayarsu ta rushe." Ya jawo takarda fara ya gyara zama. "Kin ce a gaban mutane ya faɗa da bakinsa? Ba ni sunayensu, ɗaya ɗaya."

Ba a sha wahalar shaidu ba. Ladan ya ce shi mai kiran salla ne, ba zai haɗiye abin da kunnensa ya ji ba. Auwal mahauci ya ce shekara ashirin yana fiɗa, bai taɓa jin ƙazanta irin ta ranar ba. Mata huɗu suka zo da ƙafarsu. Aka nemo babban littafin asibiti, aka tarar da sunanta a ranar da takarda ta faɗa.

Ranar da motar jandarma ta tsaya a ƙofar gidan Ashiru, Mu'awiya yana zaune a zaure yana auna wake. Ya yi dariya, ya ce su koma su tambayi manyansu doka. Da aka sa masa ankwa dariyar ta ɗauke. Goggo Baturiya ta fito da faifanta tana bin su har bakin mota, ɗankwali a hannu.

"Ku ƙidaya da kanku! Goma ne! Wallahi ban tsallake ko guda ba!"

Abdussalamu ya ce, "Inna, ƙidayarki daidai take. Raguna kika ƙidaya."

Baki shi ke yanka wuya. Da Mu'awiya ya yi shiru har a yanke gero, da ya sha, kuma wannan ma abin a tsaya a duba ne: saura ƙiris doka ta tsaya wa azzalumi, don kawai an iya tsare mace a ɗaki har lokaci ya wuce. Mata nawa ne ba a wurga musu takardarsu ba? Nawa ne aka ƙidaya musu daidai? Duk gidan da ke cewa "bari bayan kaka," "bari bayan biki," a tambaye shi me yake jira. Shekarun da aka cinye wa Mardiyya kuwa, babu alƙalin da ya iya mayar mata da ko kwana ɗaya. Tana Dutsi yanzu, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kwana a ɗakin da ita ke riƙe da makullinsa.

Ga abin da Mu'awiya ya girba. Alƙali ya yanke masa shekara goma sha biyu a gidan kaso. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu a Geceme, ta nemi saki ta samu. Rumfarsa ta wake wani ne a cikinta. Gonar gandu ba a samu mai nome ta ba, ta koma saura. Idris ya aiko cewa ba shi da wa. Gurbin Mu'awiya a sahun gaba na masallaci an cike shi tun Juma'ar farko. Uwarsa kuwa, da ta ce ba a yanke zumunci a gidanta, tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki bakwai, ba mai kawo mata ruwa, kuma Sallah biyu ke nan ba wanda ya aiko mata da ko tsokar nama.